Iskar da Aka Sa a Idon Baba

Abu na farko da na gani a Indiya takalmin mutumin da ya zo taryarmu ne, domin kaina a sunkuye yake. Baƙi ne mai tsini, an goge samansa yana ƙyalli, amma dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Mai takalmin ya yi sallama da Hausa, ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Alhaji, sannu da hanya! Ni ne Dakta Ilu. Ka iso gida."

Baba bai taɓa zuwa Makka ba, wannan ma shi ne hawansa jirgi na farko. Shi kuma Ilu ba likita ba ne. Ɗan ƙasarmu ne da ya je karatu bai dawo ba, ya koma yi wa marasa lafiya jagora zuwa asibitoci. Kafin mu kai bakin ƙofa ya karɓe fasfo ɗinmu biyu ya sa a jakarsa, wai garin akwai ɓarayi.

Baba manomin shinkafa ne. Gidanmu yana Badariya a Birnin Kebbi, gonarsa tana fadamar Zauro. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ce ta soke shi a Gulma. Da na dama ya rayu, ya yi aure, ya haife mu. A tsakiyar damina ya fara ganin walƙiya ba hadari, sai baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar toka a iska, sai wani duhu ya taso daga ƙasa kamar ana jan labule sama. Likitan da ya duba shi a gida ya ce aikin na gaggawa ne. Dangi suka taru suka ce a fita da shi waje. Inna tana da tsohon ciki, Baffa Umaru ƙanen Baba shi zai tsare gona, ƙannena duk yara ne. Ni kaɗai ke jin Turanci, kuma ana hutu. Shekarata goma sha shida.

Sai dai ni ce 'yar fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya kallonsa a gaban mutane. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa cewa Saudatu ba. In yana son ruwa sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa." In na ci jarrabawa sai ya ce wa Inna, "An ce waccan ta yi ƙoƙari." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Kunya ce, haka aka yi masa a gidansu. Ranar da muka sauka daga jirgi ya ɗora hannunsa a kafaɗata don kada ya yi tuntuɓe, na ji nauyin hannun har cikin cikina.

Masaukin da Ilu ya kai mu yana hawa na uku a wani lungu mai warin turare da kwata. Ɗaki ɗaya ne, an raba shi da zane. Tagar tana kallon bangon wani gida, in na miƙa hannu zan taɓa shi. A sauran ɗakunan akwai marasa lafiya daga ƙasashe dabam-dabam, duk na Ilu ne. In na sauka sayen ruwa, yaran lungun su bi ni suna dariya suna taɓa fatar hannuna su duba yatsunsu. Mai shagon ba ya karɓar abu daga hannuna, sai ya nuna mini in ajiye a kan tebur. Na koyi tafiya ina kallon ƙasa fiye da yadda na saba.

Abinci shinkafa ce safe da yamma. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa, ya sa a baki.

"Doguwa ta, amma ba ta da nauyi," ya ce wa kwanon. "Wagga ba ta riƙe mutum ga aiki."

Kwana biyu Ilu yana cewa gobe. A na uku ya kai mu asibiti. Likitar wata gajeruwar dattijuwa ce mai furfura a kitso. Aka ɗiga wa Baba magani, baƙin idonsa ya buɗe ya yi faɗi, ta ɗaura fitila a goshinta ta leƙa ciki ta daɗe. Ilu yana bakin ƙofa yana waya. Da ta ga ba shi da niyyar gamawa, sai ta juyo ta tambaye ni ko ina jin Turanci. Na gyaɗa kai.

Ta ɗauko wani ido na roba mai girman lemo, ta buɗe shi biyu kamar ƙwarya. Ta ce abin da muke gani in mun kalli mutum ƙofa ce kawai, ainihin gani a bangon baya yake. Cikin idon cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. A bayan ruwan akwai tantani shimfiɗe a jikin bango, shi suke kira ratina, siriri kamar fatar nan da ake samu tsakanin ɓawon albasa. Shi ke kama haske. A ƙarƙashinsa akwai wani shimfiɗi mai yawan jini da ke ciyar da shi, in sun rabu sai tantanin ya fara yunwa.

Sai ta nuna mini hoton idon Baba a allon kwamfuta. Ban taɓa zaton cikin mutum yana da kyau haka ba. Ja ne mai ruwan lemo, kamar rana in za ta faɗi a bayan gulbi. A gefe ɗaya akwai wani da'ira mai haske, daga cikinsa jijiyoyin jini suka fito suka rarrabu, manya suka haifi ƙanana, kamar yadda Rima ke rarrabuwa a fadama. Ta ce da'irar nan ita ce kan jijiyar gani, ta nan duk abin da ido ya kama yake wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Kusa da ita akwai wani ɗan wuri mai duhu-duhu, bai kai ƙwayar gero ba a cikin idon gaske. Ta ce da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. Sama da shi tantanin ya yage, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya ɗaga shi, ya yi toroƙo yana lilo, launin toka. Ruwan ya kusa kai wa ɗan wurin nan.

"Mi tac ce?" Baba ya tambayi iska.

Ilu ya cire waya daga kunne. "Ta ce aiki ne ƙarami, Alhaji. Kamar cire ƙaya."

Washegari aka yi aikin. Na zauna a benci daga hantsi har bayan azahar. Wata ma'aikaciyar jinya mai fararen furanni a gashinta ta wuce ni sau uku, a na huɗu ta dawo da shayi a ɗan ƙaramin kofi, mai madara da citta, ta tsaya har na shanye. Ita ce mutum ta farko a ƙasar da ta karɓi abu daga hannuna.

Da aka fito da shi, likitar ta kira mu ni da Ilu. Ta ce ta zuƙe ruwan mai kauri, ta mayar da tantanin wurinsa, ta ƙone gefen yagewar da haske don ya manne. Sannan ta cika idon da wata iska ta musamman, wadda za ta danne tantanin a bango har ya kama. Iska sama take tashi, saboda haka sai Baba ya kifa fuskarsa ƙasa, a zaune ko a kwance, na tsawon kwanaki. Iskar za ta ragu da kanta a hankali, kamar wata biyu. Daga nan ta ɗaga yatsa, ta rage sauri don in ji kowace kalma. Ta ce kada ya hau jirgin sama kafin iskar ta ƙare. A sama iskar kumbura take yi, ido kuwa ba shi da wurin buɗewa. Za ta matse jijiyar jinin da ke shiga ta da'irar nan har jini ya tsaya, kuma abin da ya mutu a wurin ba ya dawowa.

Mai furanni ta ɗaura wa Baba wani koren zobe na roba a wuyan hannu, mai rubutu. Ta yagi takarda ta zana jirgi, ta ja masa layi biyu a gicciye, ta danƙa mini.

Ilu ya ce wa Baba, "Ta ce an yi nasara. Ka riƙa sunkuyar da kai kawai."

Kwanakin sunkuyon nan su ne mafi daɗi a tafiyar, ko da yake wuyansa ya kumbura, bayansa ya riƙe. Yakan zauna a bakin gado goshinsa a kan matashin da na ɗora bisa kujera. Ya ce bai taɓa sujada mai tsawo irin wannan ba. Ni kuwa, da yake fuskarsa tana ƙasa, sai na samu damar kallonsa. Na ga furfura ta fi yawa a ƙeyarsa ta dama. Na ga wani tsohon tabo a bayan kunnensa, na ga yadda rana ta raba wuyansa biyu daidai inda riga ke tsayawa. Sau huɗu a rana nake durƙusawa in ɗiga masa magani.

Da muka koma a duba shi, mai furanni ta ba ni ɗan madubi, ta nuna mini in ajiye a ƙasa in karkata shi, don ya riƙa ganin abin da ke gabansa ba tare da ya ɗaga kai ba. Kwanaki bai ga komai ba sai hazo. Wata safiya yana riƙe da carbi sai ya tsaya.

"Akwai wani layi cikin idon ga, shina rawa awa ruwa cikin kwalba."

Ya ƙura wa madubin ido.

"Bisa layin ina ganin abu. Shuɗi na." Ya ɗan matsa da kai. "Takalmi na. Guda an ɗaure mai igiya da waya."

Silifas ɗina ne. Na janye ƙafata da sauri, kunya ta kama ni. Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce alhamdulillahi sau uku. Na shiga bayan zane na toshe bakina da hijabi.

A satin nan Inna ta haihu, namiji. An yi suna ba mu nan. Aka kira mu a waya ana hayaniya, na ji muryar Goggo ta Argungu tana rabon tuwo, na ji ƙarar tabarya. Ranar ban iya cin shinkafarsu ba.

Kwana goma sha tara da aiki, Baffa Umaru ya kira. Wayar a buɗe take, na ji komai.

"Yaya, gulbi ya hwara cikowa. Ya ci gonakin da ag gabas da mu. Shinkahwa ta nuna amma ba ta gama ba, kuma ma'aikata kowa na ga tashi gona."

"Ka nemi mutanen Gulma."

"Na neme su. Sun ce kai sunka sani."

Baba bai ci abinci ba ranar. Shinkafar nan ita ce abincinmu na shekara, ita ce makarantarmu. Da yamma Ilu ya zo, ya leƙa ɗakin yana auna shi da ido. Na riga na ji shi a matakala yana gaya wa wani a waya cewa ɗaki zai samu ran Laraba, a taho da mara lafiyan.

Baba ya ce, "Dakta, yaushe mutum ka iya tahiya gida?"

"Ai kai ka warke, Alhaji. Ba ga shi kana gani ba? Ko jibi."

Na juya na fuskanci bango, yadda ake yi, na ce a hankali, "An ce jirgi ba shi da kyau ga idon. An ce sai iskar ta ƙare."

Shi ne zance mafi tsawo da na taɓa yi a gaban Baba. Sai Ilu ya fashe da dariya har yana dafa ƙofa.

"Alhaji, ashe da likita ka taho ba ka faɗa mini ba! 'Yan mata, Turancin da ake koya muku a ƙarƙashin bishiya daban yake da na asibiti. Cewa ta yi kada ya tuƙa mota. Shekarata goma sha ɗaya a nan. Su fa so suke ku zauna, kullum ku koma, kullum su yi ciniki."

Takardar mai zanen jirgi tana cikin littafina, taku biyu daga inda nake. In na ɗauko ta, na ƙaryata babban mutum ke nan a gaban ubana, na kuma sa ubana ya zaɓa tsakanin maganar baƙo da ta 'yarsa ta fari, da bakinsa, a gaban mutane. Ban ɗauko ta ba.

Baba ya ce wa ƙasa, "Yara ba su shiga maganar manya."

Ilu ya ciro ɗan almakashi daga makullinsa, ya datse koren zoben, ya jefa a kwandon shara. "Wannan na 'yan kwance ne."

Da Baba ya shiga wanka na kira Inna. Ita ma ba ta kiran sunana. Na faɗa mata da sauri, ina haɗa kalmomi. Jariri yana kuka a kusa da ita.

"Shi likitan da ka tare da ku mi yac ce?"

"Inna, ba likita ba na."

"Ke, ki kama bakinki. Kin hi su sani? Ki dai kula da maganinai."

Ran Laraba da safe Ilu ya kai mu filin jirgi. Ya saya wa Baba baƙin tabarau. Sai a bakin ƙofa ya ba mu fasfo, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"In sun tambaye ki komai, lafiyarsa ƙalau. In kika yi surutu suka hana shi hawa, tikiti ya ƙone, ɗaki kuma na ba wani. Sai ku kwana a titi, ke da shi."

Matar da ke duba takardu tana da jan ɗigo a goshi da agogo mai fashewar gilashi. Ta dubi tabarau, ta dubi hannun Baba a kafaɗata. Ta tambaye ni da Turanci, a fili, ba inda ban gane ba, ko an yi masa aiki a ido kwanan nan.

Ilu ba ya nan. Ba kowa sai ni da ita da Baba. Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, na iya ta tun ina aji ɗaya.

"Mi taka tambaya?" in ji Baba.

"Lahiyarku."

"A ce mata lahiya lau nike."

Na kalli agogonta. Na ce mata lafiyarsa lau. Ta buga hatimi.

Jirgin bai gama miƙewa ba Baba ya kai hannu ga idonsa. Da farko yana salati a ciki. Sai gumi ya keto masa, ya jiƙe wuyan riga. Ya kama hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito. Ya yi amai a cikin jakar takarda. Ni ina zaune ina ganin hoton nan a raina, ja mai ruwan lemo, da da'ira mai haske, da rassan gulbi, ina ganin iska tana kumbura tana danne su ɗaya bayan ɗaya. Na san sunan kowane abu da ke mutuwa.

"Saudatu."

Ban amsa ba, don ban gane da ni ake ba.

"Saudatu. An kashe wuta cikin jirgin ga?"

Rana tana shigowa ta taga har tana dukan gwiwarsa.

"A'a, Baba."

Sannan ya ce, "Mi likita tac ce? Hwaɗa mini duka."

Na faɗa masa. Tantani, da ruwa mai kauri, da ɗan wurin da bai kai ƙwayar gero ba, da jijiya, da iska. Ban ɓoye matar mai agogo ba. Bakina bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Daga nan na tashi na tare wata ma'aikaciyar jirgi na yi mata bayani da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Ta kawo ƙwayar ciwon kai da ruwa, ta yi kira ko akwai likita a cikin fasinjoji. Babu. A ƙarƙashinmu teku ne.

A garin da muka sauka don canza jirgi ciwon ya lafa, amma hasken bai dawo ba. Aka kai mu wani ɗan ɗakin jinya, wani ya haska fitila a idon, baƙin idon bai motsa ba. Suka riƙe mu kwanaki a wani asibiti, suka rage iskar da allura kafin su bar mu mu wuce. Ban tuna komai na garin ba sai sanyin daɓen tayil.

Daga Abuja mota muka shiga. Mun iso Birnin Kebbi da la'asar, gida cike da 'yan sannu da zuwa. Baffa Umaru ya tare mu a ƙofa yana murna.

"Yaya, albishirinka! Ruwa ya tsaya ga gonar Malam Bawa, bai iso mu ba. Mutanen Gulma sun zo da kansu, mun yanke ta duka, kwana ukku da wucewa."

Ya miƙo hannu. Baba ya miƙa nasa wani gefen.

Bayan wata ɗaya wani likita a Sakkwato ya ɗauki hoton idon. Na roƙa ya nuna mini. Tantanin yana kwance lafiya a bangonsa, ya manne ko'ina, aikin dattijuwar ya yi kyau. Amma da'irar ta koma fara fat kamar alli, jijiyoyin sun zama siraran zare, kamar fadama a watan bazara.

Duk wanda ya zo jaje, daga Zauro, daga Argungu, Baba yana gaya masa abu ɗaya. "Ƙaddara ta. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu." Bai taɓa gaya wa kowa maganar da na yi wa bango ba, ko wadda na yi wa matar mai agogo. Ko Inna ba ta tayar da zancen wayar ba, ni ma ban tayar ba. Takardar mai zanen jirgi tana nan cikin littafina na kimiyya.

Na koma makaranta. In na dawo ina samunsa a zaure a kan tabarma, da ɗan kwanon shinkafa a gabansa yana murzawa, yana gaya wa Baffa wadda za a ajiye iri. Yana gane takuna tun daga bakin titi, saboda silifas ɗin mai waya yana da ƙararsa. Goggo ta yi masa faɗa sau biyu kan kiran sunana, ta ce ba a yin haka a gidansu, mutane na ji. Ya ce mata makaho ba shi da bangon da zai kalla.

Tun ina ƙarama nake so in ji yadda sunana zai fita daga bakinsa. Yanzu ina jinsa da asuba, ina jinsa in zai yi alwala, ina jinsa in ya rasa takalminsa. Jiya ma ina shigowa ya ɗaga fuska zuwa inda ba ni ba.

"Saudatu, ke ta?"

"Ni ta, Baba."

"Zo ki hwaɗa mini, wagga shinkahwa hwara ta ko ja?"